Kuɗin Zango da Haƙƙin Matafiyi

Kuɗin zango shi ne abin da matafiyi yake biya domin a bar shi ya sauke kaya, ya ɗaure dabba ko ya ajiye mota, ya kwana a filin da ba nasa ba. A da fatake ne suke biyansa, da kuɗin wuri ko da wani abu daga cikin hajarsu. Yau masu biyansa su ne direbobin tirela da na tanka, da 'yan kasuwar da dare ya riska a tasha, da iyalan da rikici ya raba da garuruwansu suka kafa bukka a fegin wani. Wasu suna ce masa kuɗin kwana, wasu kuɗin ƙasa, wasu kuɗin gadi. Tambayoyi biyu ne suke biye da shi duk inda ya je: ko abin da matafiyi ya samu ya kai abin da ya bayar, da kuma ko mai karɓa yana da haƙƙin karɓa tun asali daga mutumin da hanya ta tilasta wa tsayawa. Ta farko tambayar 'yan kasuwa ce, ta biyu ta malamai, amma ba a iya amsa ɗaya a bar ɗaya.

Maiduguri gari ne na shiga da fita, shi ya sa maganar take da nauyi a cikinsa. An kafa Yerwa, wato Maidugurin yau, a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya koma can da fadarsa bayan Kukawa ta kasa farfaɗowa daga rushewar da Rabeh ya yi mata a 1893. Daga garin hanyoyi suka rarrabu: ta Damaturu zuwa Kano, ta Dikwa da Gamboru-Ngala zuwa Kamaru da Chadi, ta Bama zuwa Banki, ta Monguno zuwa Baga da bakin Tafkin Chadi, ta Damboa zuwa Biu. Layin dogo ya iso a 1964. Unguwar Ajilari tana yammacin gari, gefen layin dogon, kusa da Gomari da Bulumkutu, a ɓangaren da mai zuwa daga Damaturu yake fara riska. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma kamar sauran unguwannin bakin gari ta karɓi baƙi da yawa tun da rikicin Boko Haram ya tsananta. Mazaunin irin wannan unguwa ya san zango ta fuska biyu: yau shi ne mai ba da wuri, gobe shi ne mai nemansa a Fataskum ko a Kusiri.

Tsohon tsarin fatauci ya ba wa zango matsayi sananne. Ayarin da yake ɗaukar kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ya komo da goro, yakan shafe watanni a hanya. Madugu ne shugabansa, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana taimaka wa madugu, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci, na ƙarshen nan kuwa asalinsu daga Barno ne. Zango yakan kasance a wajen ganuwa, inda akwai ruwa da makiyaya. Madugu ne yake cinikin garama, wato kuɗin wucewa, da sarkin ƙasar da aka ratsa, da kuɗin fito a bakin manyan koguna kamar Kwara, sannan a raba wa fatake gwargwadon kayan kowa. Abin da kuɗin yake saya musu shi ne izinin wucewa, da ruwa, da ciyawa, da 'yar kasuwar da matan gari suke kawo abinci, da kariya daga 'yan fashi. Dole a faɗi gaskiya cewa a wasu wurare mutanen sarkin da aka biya su ne kansu 'yan fashin da ake neman tsari daga gare su, sai garama ta zama fansar kai. Duk da haka wasu zangunan sun yi albarka har suka zama garuruwa da unguwanni: Zangon Kataf, Zangon Daura, da zangunan Hausawa na Kumasi da Akara.

A cikin gari kuwa akwai fatoma, wato mai gidan da yake saukar da baƙin 'yan kasuwa. Tsarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya warware matsalar ta hanyar da ba kowa yake lura da ita ba. Fatoma yana ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka sayi kayansa bashi. Galibi ba ya yanka wa baƙo kuɗin ɗaki. Rabonsa yana fitowa daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a cinikin shanu da goro na unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, kuma har yau ana ganin sauransa a kasuwannin shanu da na kifi na Arewa. Hikimar abin ita ce an ɗaure ribar mai gida da nasarar baƙonsa. Idan kaya suka ɓace a gidansa, ko mai saye ya gudu da bashi, sunansa ne ya ɓaci, kuma baƙin baɗi gidan wani za su nufa. Ba ya buƙatar alƙali ya tilasta masa riƙon amana, cinikinsa ne yake tilasta masa.

Shari'a ta fara duban matafiyi a matsayin mai haƙƙi kafin ta dube shi a matsayin mai saye. Ɗan hanya yana cikin rukunin mutane 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa zakka, kuma malamai sun ce ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, muddin guzurinsa ya yanke. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. A Bukhari akwai gargaɗi mai tsanani ga wanda yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi. Abu Dawud da Ibn Majah kuma sun ruwaito cewa mutane suna tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, waɗanda su ne ainihin abin da ayari yake nema idan ya sauka. Akwai ma ruwayar Nana A'isha cewa an nemi a gina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata inuwa a Mina, ya ƙi, ya nuna cewa wurin masauki ne na duk wanda ya riga isa. Saboda irin waɗannan nassoshi, da aya ta 25 ta Suratul Hajji, magabata suka yi saɓani a kan halascin karɓar hayar gidajen Makka. Imam Shafi'i ya halatta, wasu suka ƙi, muhawararsa da Ishaƙ bn Rahawaihi a kan haka sananniya ce. Alhazan yau suna biyan kuɗi mai yawa a kan tantunan Mina, kuma hujjar da ake kafawa ita ce tantin da sanyaya shi da ruwa da abinci ake biya wa, ƙasar ba ta sayarwa ba ce.

Wannan bambanci tsakanin ƙasa da hidimar da aka ɗora a kanta shi ne mabuɗin mas'alar. An ruwaito daga Imam Malik da Sahnun cewa liyafa ta fi wajaba a kan mutanen ƙauye da na daji, domin a birni matafiyi yana samun masaukin haya da abincin saye. Ke nan mazhabar da Barno da ƙasar Hausa suke bi ta san masaukin kuɗi, ba ta kuma ɗauke shi abin kunya ba. Wanda ya mallaki fili, ya kewaye shi, ya haƙa rijiya, ya ɗauki mai gadi, ya kashe dukiyarsa ne, kuma yana da ikon neman lada. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun tattauna wannan a babin ijara da haya. Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta: amfanin da aka saya ya zama sananne kuma halal, lada ya zama sananne, lokaci ya zama sananne, ɓangarorin biyu su yarda. Duk inda aka bar ɗaya daga cikinsu a duhu, garari ya shigo, cinikin ya gurɓata.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan abin da yake faruwa a garejin manyan motoci, ana ganin inda sukan karye. Direba ya shigo da magariba a gajiye, ya ajiye mota, ba a faɗa masa farashi ba sai da asuba yana shirin tashi. Ko an faɗa masa na ƙasa, da safe a ƙaro na gadi, da na shara, da na ƙungiya. Ladan bai zama sananne ba ke nan. Amfanin ma haka: direban yana zaton ya sayi tsaro, mai wurin yana ganin fili kawai ya bayar. Ba a gane saɓanin sai ranar da aka wayi gari an kwance batir ko an zuƙe gas daga tanki.

A nan ne maganar lamuni take shigowa, kuma fiƙihun Malikiyya yana da zurfi a kanta. Ƙa'idar asali ita ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mai gadi ma, a mashhurin zance, yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Amma mazhabar ta ware masu sana'ar da suka buɗe ƙofarsu ga jama'a, kamar maɗinki da marini, ta ɗora musu lamunin kayan da aka ba su, haka ma masu dakon abinci, saboda maslaha: mutane ba su da makawa sai sun miƙa musu kayansu, kuma in ba a ɗora musu ba dukiyar mutane za ta yi ta salwanta. Dalilin da ya sa aka tsananta wa maɗinki yana nan daram a kan mai garejin da ya rataya allo yana kiran motoci. Aƙalla dai, wanda ya karɓi kuɗi da sunan gadi sannan ya kwanta barci, ko ya bar ƙofa a buɗe, ya yi sakacin da kowane malami zai ɗora masa biya. Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin zango yana da daraja ne gwargwadon nauyin da mai karɓarsa ya yarda ya ɗauka. Wanda ya karɓa kuma ya ce ba ruwansa da abin da ya faru a cikin filinsa, ya sayar da abu kaɗan ƙwarai, komai arahar farashinsa.

Akwai kuma kuɗin da ba haya ba ne sam, ko da an sa masa rigar haya. Shi ne malamai suke kira maksu: abin da mai iko yake karɓa daga matafiyi ko ɗan kasuwa ba tare da wani haƙƙi ko wata hidima ba. Girman laifinsa ya bayyana a hadisin matar Gamidiyya da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka auna girman tubarta da cewa da mai karɓar maksu zai yi irinta da an gafarta masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa da abin da masu kula da kasuwa suke ɗiba daga kayan masu sayarwa a cikin alamomin mulkin zalunci. Wannan bai hana hukuma karɓar komai ba; Sayyidina Umar ya sanya ushira a kan fatake masu ratsa iyaka, da ƙayyadadden kaso da ma'aikata sanannu. Abin da ya raba irin wannan da maksu shi ne wanda ya sanya kuɗin, da inda yake zuwa, da abin da yake komowa ga mai biya. Gwamnatin mulkin mallaka ta Lugga ta sanya wa ayarori harajin kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardin da suka ratsa, har zuwa kashi 15, da hujjar cewa ta amintar da hanyoyi kuma ta kawar da garamar sarakuna. Fatake suka yi ta kuka da shi, aka soke shi a 1907.

Hanyar Damaturu ta ba da misali biyu a cikin makonni kaɗan na farkon 2020, kuma duk mai son auna darajar kuɗin zango ya kamata ya riƙe su tare. A watan Janairu Gwamna Babagana Umara Zulum ya tarar da dogon layin motoci a shingen Njimtilo, ya zargi jami'an tsaron da ke wurin, a bainar jama'a, da karɓar kuɗi daga matafiyan da ba su da katin shaidar ɗan ƙasa. Ranar 9 ga Fabrairu kuma matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri da yamma suka kwana cikin motocinsu a Auno, kilomita kusan 25 daga gari. Da dare 'yan bindiga suka afka musu, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙona motoci, suka tafi da mata da yara. Allah ya jiƙansu. Na farko kuɗi ne aka ce an karɓa ba tare da an ba da komai ba. Na biyu zango ne da ba a nemi ko kwabo a kansa ba, amma babu mai tsaronsa. Waɗanda suka kwana a Auno sun samu fili, sun samu wurin ajiye mota; abin da suka rasa shi ne wanda ya ɗauki alhakin rayukansu har gari ya waye. Daga nan ake gane cewa mafi tsadar abin da matafiyi yake saya a zango shi ne ya iya rufe ido ya yi barci, bayansa ruwa da makewayi da wurin salla, faɗin ƙasar kuma shi ne na ƙarshe. Kuma duk wanda ya rufe hanya ya tilasta wa mutane kwana a wani wuri, ya zama mai zangonsu ko ya so ko bai so ba, nauyin tsaronsu ya hau kansa.

Saura maganar farashi. Wasu suna cewa tunda direba ya biya da hannunsa, ya yarda, magana ta ƙare. Yarda kuwa tana da daraja ne idan akwai zaɓi. Wanda dokar hana fita ta tsare, ko motarsa ta lalace, ko gari ɗaya ne kawai yake da wurin da tirela za ta iya shiga, yardarsa irin ta wanda larura ta matsa ce, kuma malamai sun ƙyamaci cin ribar larurar mutum. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya ƙi yanka farashi a Madina da aka roƙe shi, kamar yadda Anas ya ruwaito, kuma wannan shi ne asali a kasuwar da kowa yake da damar shiga. Amma an samu ruwaya daga Malik da ta ba hukuma damar sa baki idan ana cutar da jama'a, kuma malaman hisba, tun daga Yahya bn Umar mai Ahkamus Suƙ, sun yi bayanin aikin mai kula da kasuwa a kan haka. Wurin kwana a kan hanyar da ba ta da na biyu ya fi kama da rijiya ɗaya a daji fiye da rumfa a Kasuwar Monde ta Maiduguri. Ƙananan hukumomi da ƙungiyar direbobi da suke gudanar da tashoshi suna iya yin abin da bai fi ƙarfinsu ba: a rubuta farashi a bakin ƙofa, a ba da rasit, a san sunan wanda za a tuhuma idan abu ya ɓace.

Mafi nauyin sashe na mas'alar ya shafi wanda ya sauka ba don ciniki ba. Mafi yawan mutanen da rikici ya koro zuwa Maiduguri ba a sansanonin gwamnati suka zauna ba, a cikin unguwanni suka zauna, a gidajen dangi, da kangaye, da fegin da masu shi ba su gina ba. Da gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin gari a 2021, har da na Bakassi, wasu sun koma garuruwansu, wasu kuma sun ƙaru a kan waɗanda suke unguwanni. Masu fili da yawa sun ba da wurinsu kyauta shekara da shekaru, ladansu yana wurin Allah. Wasu suna karɓar haya, kuma ba a ce sun ci haram ba, domin dukiyarsu ce, liyafa kuma kwana uku ce. Sai dai hayar busasshiyar ƙasa, babu ruwa babu makewayi, daga hannun matar da take surfe ko wankau ta ciyar da marayu, tare da barazanar tashi duk ranar da mai saye ya zo, abu ne da halascinsa bai wanke shi daga rashin tausayi ba. Mafi ƙarancin adalci shi ne a sanya wa'adi sananne, kada a tashi mutum da damina, kuma farashin ya yi daidai da abin da aka tanada a wurin.

Nauyin irin wannan baƙo bai kamata ya tsaya a kan mai fegi shi kaɗai ba, kuma Barno tana da tarihin da ya nuna wata hanya. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem, tushen daular Barno, suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu, kuma suka ci gaba da aika mata kuɗi. Maƙrizi ya ambace ta a tarihinsa. Masauki ne da aka biya kuɗinsa, amma ba daga aljihun wanda ya kwana a ciki ba. Ɗan kasuwar da yake da riba a gaba ya biya hayarsa, ya kuma nemi tsaro da ruwa da lamuni a madadinta. Wanda guzurinsa ya yanke kuwa, hayar wurin kwanansa tana kan zakkar mawadatan gari, da waƙafi, da baitulmali.